Ruwan Da A Ke Dama Maganin Ciyawa Da Shi

Kowace damina a kan sami manoman da ke kuka, wai sun sayi maganin ciyawa da tsada, sun fesa, amma ciyawa ko gezau. Nan da nan sai a ɗora wa ɗan kasuwa laifi, a ce jabu ya sayar. Lalle akwai jabu a kasuwa, amma sau da yawa laifin yana cikin ruwan da aka dama maganin da shi. To, ga yadda abin ya ke.

Da yawa daga cikin magungunan ciyawa asid ne, watau dangin abin nan da ke sa tsamiya da lemon tsami su yi tsami. Haka 2,4-D ya ke, wanda aka fara sayarwa bayan Yaƙin Duniya Na Biyu, haka kuma gilaifoset, wanda ya fito a Amurka cikin 1974 da sunan Roundup.

Asid iri biyu ne. Akwai mai ƙarfi, kamar ruwan batir. Da an zuba shi a ruwa kowace ƙwayarsa sai ta rabu biyu, wannan rabuwa kuwa ita ce ƙarfinsa. Akwai kuma rarrauna, wanda kaɗan ne daga cikin ƙwayoyinsa ke rabuwa. A cikin ruwan kal, wanda waɗansu ke kira binega, ƙwayoyin da suka rabu ba su kai ɗaya cikin 100 ba.

Abin lura shi ne, ƙarfin rarraunan asid ba a jikinsa kaɗai ya ke ba, ya danganta da abin da aka narka shi a ciki. Ruwa gwani ne wajen raba ƙwayoyi, domin ya kan kewaye kowane ɓari ya hana shi komawa wurin ɗan'uwansa. Barasa ba ta iya wannan aiki sosai ba. In aka narka asid ɗin binega cikin barasa tsantsa, ƙarfinsa a ma'aunin masana ya kan faɗi fiye da sau 100,000, in kuwa aka gauraya ruwa da barasa, ya kan ragu gwargwadon yawan barasar. A cikin mai kusan ba ya rabuwa ko kaɗan. Ruwan da ke da kanwa kuwa raba shi ya kan yi ƙarƙaf, ya kuma cinye tsaminsa. Matanmu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa su kan jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa.

Mai karatu ya ce, ashe gara maganin ya rabu, ya fi ƙarfi? A'a, a gona ba haka ba ne. Ku dubi ganyen gwaza in an yi ruwa, yadda ɗigo ke gangarewa ba ya jiƙa shi. Kowane ganye yana da irin wannan kaki a bayansa, ko da bai kai na gwaza ba, kaki kuwa dangin mai ne. Ƙwayar 2,4-D wadda ba ta rabu ba ita ce ta fi saurin ratsa kakin nan. Wadda ta rabu sai ta daɗe a waje, har ruwan sama ya zo ya wanke ta.

Masifa ta biyu ita ce ruwan zartsi, irin na rijiyar da sabulu ba ya kumfa a ciki. Irin wannan ruwa yana ɗauke da kalsiyam da maganiziyam, waɗanda ya narko daga duwatsu, musamman inda a ke da dutsen farar ƙasa. Da sun haɗu da ɓarin maganin da ya rabu sai su kama shi su ɗaure. Gilaifoset ya fi shan wannan wuya. Ruwan kududdufi mai laka shi ma haka, domin laka riƙe maganin ta ke yi.

Masu yin 2,4-D sun san da wannan, shi ya sa suka yi shi iri biyu. Mai suna amin yana narkewa a ruwa, amma zartsi ya kan sa shi guda-guda har ya toshe bakin famfo. Mai suna esta an ɗaure shi yadda ba zai rabu ba, an narka shi cikin mai, shi ne wanda ke yin fari kamar madara in an zuba a ruwa. Zartsi bai cika damunsa ba, amma fa da zafin rana ya kan tashi kamar tururi ya faɗa wa audugar maƙwabci ko tumatirinsa. 'Yan kasuwa ya kamata su karanta abin da ke jikin kwalba su gaya wa mai saye irin da ya ɗauka.

Ga abin da manomi zai yi:

1. Ya gwada ruwansa. In sabulu bai yi kumfa ba, akwai zartsi. In ya ɗiga jan zoɓo kaɗan a ciki ya ga ya juya shuɗi-shuɗi ko kore, akwai kanwa.

2. Ya nemi ruwan sama mai tsabta, in da hali. Ruwa mai laka ya bar shi ya kwanta, ya tsiyaye na sama.

3. In ba makawa sai ruwan zartsi, masu fesa gilaifoset su kan zuba amoniyam salfet, wanda tsofaffin manoma suka sani da sunan takin salfa, kilo 1 zuwa 2 cikin lita 100. A narka shi a tace tukuna, sa'an nan a zuba magani. In aka fara zuba magani, zartsi ya riga ya kama shi.

4. Kada a matsa lemon tsami da ka, domin tsami in ya yi yawa ya kan sa 2,4-D ya kwanta a gindin famfo.

5. Abin da aka dama a fesa shi a ranar.

Wanda bai gane ba ya ɗebi ruwan rijiyarsa a kwalba ya kai wa malamin gona, tun kafin ya fasa kwalbar magani.