Darasin hutu a damina: Wa ke ƙirga yaran bayan an tashi?

Da zarar an ba da dogon hutu a Jihar Kaduna, azuzuwan firamare da zaurukan Islamiyya a Ikara da Maƙarfi da Kudan ba sa zama wayam. Matasa ne ke karɓe su, wasu ɗaliban manyan makarantu da suka dawo gida, wasu masu takardar NCE da ke jiran aiki. Sukan tara yaran unguwa su koya musu lissafi da Turanci da karatun Alƙur'ani daga hantsi zuwa azahar, iyaye su biya abin da ya sawwaƙa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin iyaye ba karatun kaɗai suke saya ba. Hutun yakan faɗo ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli ko farkon Agusta zuwa Satumba, lokacin da uba ke gonar masara ko fadamar rake, uwa kuma na fama da aikin gida da goyo. Abin da suke biya shi ne idon da zai tsaya a kan yaro. Shi kuwa matashin da ya karɓi aikin, alli da allo kawai ya shirya wa, babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa amanar rai ya ɗauka.

A wannan yanki babban abin tsoro ruwa ne. Kusan kowane gari na da kududdufin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, wanda da rani yara ke ƙwallo a cikinsa. Agusta na kamawa sai ya cika ya batse. Yaron da ya san wurin a bushe yakan ɗauka ya san zurfinsa, alhali gefen ya zama santsi, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Ga rijiyoyin lambu marasa murfi da ciyawa ta rufe bakinsu, ga rafukan da ake tsallakawa da safe ruwa iya idon sawu, da rana a tarar sun kawo saboda ruwan da aka yi a wani gari can gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Tun a 2021 ɗin Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa a ruwa, ranar da ke zuwa daidai bakin hutun nan, amma da wuya a ji an ambace ta a huɗuba ko a taron iyaye da malamai.

Wani abu da masana ke nanatawa shi ne nutsewa ba ta da hayaniya. Yaron da ruwa ke ci ba ya samun numfashin yin ihu, ba ya ɗaga hannu yana kira kamar yadda ake nunawa a fim. Abokansa na iya tsayawa kusa da shi su zaci wasa yake, kuma mintuna kaɗan sun isa.

Ƙasar Bangladesh, inda tafkuna ke kewaye da gidaje, ta gwada wani tsari mai sauƙi da ake kira Anchal. Ana horar da matan ƙauye su riƙe ƙananan yara a ɗaki ɗaya daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, wato sa'o'in da iyaye mata suka fi shagala da aiki. Bincike ya nuna mutuwa a ruwa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a tsakanin yaran da ke zuwa. Ba a gina katanga ba, ba a cike tafki ba, babba ɗaya ne kawai ya san inda kowane yaro yake. Ashe darasin hutun Maƙarfi ko Hunƙuyi na yin irin wannan aiki ba tare da masu shi sun sani ba.

Sai dai ido ɗaya na da iyaka. A Amurka, inda sansanin yara na hutu tsohuwar al'ada ce, ƙungiyar da ke tantance sansanonin ta tsara cewa a sansanin yini mai kula ɗaya ya riƙe yara 8 'yan shekara 6 zuwa 8, ko 10 idan sun kai shekara 9 zuwa 14. A nan ba abin mamaki ba ne a ga malami ɗaya da aji maƙil, har da ƙanne 'yan yaye da aka haɗo da yayyensu don gida ya sarara. Ba wanda zai ce a kwaikwayi lissafin Amurka a Ikara, kuɗin da ake biya ba zai ɗauki malami na biyu ba. Amma akwai abin da ba ya cin ko kwabo.

Na farko kiran suna, kuma ba sau ɗaya ba. Malamai da yawa kan kira rajista da safe don sanin wanda ya biya. Mai lura kuwa yakan sake ƙirgawa bayan an fita shan iska, da lokacin tashi, domin yaron da ya ce zai zaga bayan gida bai dawo ba, a ƙirga ta biyu ake gane shi, ba a magariba ba. Wasu kan haɗa yara biyu-biyu, kowa ya zama mai tsaron ɗan'uwansa, manyan kuma a ba su 'yan unguwarsu su raka har ƙofar gida.

Lokacin tashin nan shi ne raunin tsarin gaba ɗaya. Malami ya sallami yara yana ganin ya sauke nauyi, uwa na gida tana ganin yaro na wurin malam, tsakanin nan kuma akwai awa ɗaya ko biyu da yaron ba ya hannun kowa. A nan ake ratsewa wanka, a nan ake bin masu kamun kifi, a nan ne kuma yaran garuruwan bakin titi irin su Tashar Yari ke tsallaka babbar hanyar Zariya zuwa Kano su kaɗai. Idan iyaye sun san ƙarfe nawa ake tashi, kuma malami bai sallami yara da wuri ba don yana da wata sabga, gibin yakan ragu. Idan hadari ya haɗo, gara a riƙe su a aji har ruwa ya ɗauke da a kore su su je su fake a gindin bishiya.

Sai abin da za a yi idan ƙaddara ta faɗa. Al'adar ɗaga yaro a kife ko danna masa ciki don ruwa ya fita ɓata lokaci ce, tana kuma iya sa ya shaƙi amai. Abin da ake koyarwa shi ne a kwantar da shi, idan ba ya numfashi a hura masa iska a baki, a riƙa danna ƙirji, a aika neman mota zuwa asibiti. Wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa ceto, ya miƙa gora ko igiya. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini da ma'aikatan lafiya, waɗanda Maƙarfi ta daɗe tana yayewa a kwalejin kiwon lafiyarta, na nan a kowace unguwa, kuma yini ɗaya ya isa su nuna wa masu darasin hutu wannan.

Jihar Kaduna na da dokar kare haƙƙin yara tun 2018, amma darasin hutu na unguwa sau da yawa kan gudana ne bisa yarda tsakanin maƙwabta. Mai unguwa da limami su suka san wanda ya buɗe aji a zauren wane, da adadin yaran da ke shiga, da kududdufin da ke kan hanyarsu ta komawa gida.