Kwaɗon jarjir da dakwa: abin da na haɗa wa ƙanwata

Shekara uku da auren ƙanwata babu ko ɓatan wata, dangin miji kuwa sun fara gori. Duk tsimi da garin maganin da aka kawo mata ta sha. Da na raka ta wurin likita a nan Umdurman, aka auna jininta, sai ga ƙarancin jini mai tsanani. Likitar ta rubuta mata ƙwayoyi, ta tambaye ta abin da take ci. Amsar ita ce burodi, ful da shayi, safe da yamma.

Washegari bayan an tashi daga makaranta na nufi Kasuwar Libiya. Kasuwar ta ji jiki tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, rumfuna da yawa sun ƙone, amma masu kayan miya sun riga kowa dawowa. Na sayi jarjir dami biyu, rijla, tumatir, albasa, lemun tsami da dakwa. Wata tsohuwa Bahausa ta leƙa ledata ta ce, "Ɗiyata, ai wannan kwaɗo ne, zogale kawai ya rage." Gaskiyarta. Abin da Larabawa ke kira salatar dakwa ɗan uwan kwaɗonmu ne, gyaɗa ce dai a madadin ƙuli-ƙuli.

Wanki shi ne babban aiki, don ba mu manta kwalarar da ta kashe mutane a Khartum a 2025 ba. A wanke ganyen sau uku da tafasasshen ruwan da ya huce ko mai kulorin. In babu irinsa, gara a turara. A yanka jarjir da rijla, a dama dakwa cokali biyu da ruwan lemun tsami da ɗan man riɗi, a zuba gishiri mai aidin, a cuɗa. Aidin ɗin na kare maƙoƙo, ciwon da kan rikita al'adar mace.

Ɗanyen ganye na da folet, wanda dogon dahuwa irin na mulukiya ke ragewa. Lemun tsami na taimaka wa jiki zuƙar sinadarin ƙarfe, shayi kuwa hana shi yake yi. Shi ya sa na ce ta bar sa'a guda tsakani, kuma a kan wannan muka fi yin rigima. Duk da haka kwaɗo bai ɗauke ƙwayar folik asid ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai neman ciki ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum har zuwa mako 12 na juna biyu.

Ba zan ce kwaɗo na ba da haihuwa ba, wannan na Allah ne. Bayan wata uku jirin da take yi ya tafi, jininta ya hau. Likitar ta ce yanzu saura mijin ya zo a auna shi. Har yau muna lallashinsa.