Ka ɗauki ma'aikaci a gona? Harajin albashinsa na wuyanka

Jama'a masu shirin faɗaɗa kiwon kaji ko tarwaɗa, na lura muna lissafa kuɗin abinci, rigakafi da man janareto, amma harajin albashi ba ya shiga lissafinmu.

Da zarar ka ɗauki ma'aikaci kana biyansa duk wata, doka ta ɗora maka cire harajin PAYE daga albashinsa, ka tura wa hukumar tara haraji ta jihar da yake zaune, kada ya wuce 10 ga watan da ke biye. Sannan zuwa 31 ga Janairu, ka miƙa bayanin albashin da ka biya a shekarar da ta gabata.

Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, ₦70,000 zuwa ƙasa, ba a cire masa komai. Amma manajan da albashinsa ya kai na biyan haraji, in ba ka cire ba, kai hukuma za ta bi, har da tara.

Shawarata, ka ware littafi guda: sunan ma'aikaci, albashinsa, abin da aka cire, da rasit. Ranar da ka je neman bashin banki ko kwangilar kai ƙwai, ana iya tambayarka takardar shaidar biyan haraji.

Allah ya sa albarka a kiwo.