Yadda Mataccen Layin Dogo Ya Koma Hanyar Keke

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda datarsu ba ta isa su saurara ba.

Yau zan kai ku jihar Missouri ta Amurka, inda akwai wata hanya mai suna Katy Trail. Tsawonta kusan kilomita 390, kuma mota ba ta hawa, babur ba ya hawa. A da layin dogo ne na kamfanin MKT, daga haruffan K da T ɗin nan ne ma aka samo sunan Katy. A 1986 ambaliya ta lalata layin, kamfanin ya haƙura da shi. A 1990 aka buɗe sashen farko ga masu keke, kusa da garin Rocheport.

To me ya sa tsohon layin dogo ke yi wa mai keke daɗi? Jirgin ƙasa ba ya son hawa, saboda ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, da tudu ya yi tsayi sai ta riƙa zamewa. Shi ya sa maginan layin suka bi gefen kogi, suka fasa dutse, suka cike kwari. Da jirgi ya tafi, sai aka kwashe ƙarafa da katakai, aka zuba niƙaƙƙen farin dutse aka daddaɓe. Kun ga ko dattijo zai iya tuƙawa ba tare da haki ba.

Fiye da rabin hanyar tana bin Kogin Missouri, ruwa a gefe ɗaya, dogayen duwatsu a ɗaya gefen. Daga gabas za ka bi ta St. Charles, ka ratsa gonakin inabi na Augusta, ka shige ramin da aka fasa cikin dutse a Rocheport tun 1893. A Boonville ake tsallake kogin a rabu da shi, sai gonaki da makiyaya har Clinton. Mai yin kilomita 80 a rana, kwana biyar ya gama. Ƙananan garuruwan da tashar jirgi ta raya a da, yanzu masu keke ne ke sayen abincinsu, suna biyan kuɗin masauki.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne doka. A wurare da yawa, idan kamfani ya bar layi, filin masu gonakin gefe yake komawa, kowa ya yanki nasa. In ya yanke gunduwa-gunduwa, shi ke nan, haɗa shi kuma sai ikon Allah. A 1983 majalisar Amurka ta ce ana iya ajiye irin wannan fili a dunƙule, a yi hanyar keke a kai, ko da wata rana jirgi zai dawo. Manoma da dama ba su ji daɗi ba, suka tafi kotu. Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 1990, daga baya aka biya wasunsu diyya. Wani attajiri, Ted Jones, shi ya ba da fiye da dala miliyan 2 aka fara aikin Katy.

Kogin fa bai daina halinsa ba. Ambaliyar 1993 ta cinye sassa da yawa na hanyar, sai da aka sake gyara.

Mu ma muna da irin wannan tarihi: ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos an rufe shi a 1957. 'Yan yankin, ku faɗa mana a ƙasa, me ya rage na wannan layi a garinku? Gona ce yanzu, gida ne, ko hanya?

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.