Yashin Masu Gini Yana Cike Lambatun Minna

Duk wanda ya zaga garin Minna da sassafe a cikin watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa, zai ga abu guda a kusan kowace unguwar da ake sabon gini. Tulin yashin da tifa ta juye jiya a bakin hanya ya zabge, rabinsa ya shimfiɗu a kan titi, saura kuwa ya bi jan ruwa ya gangara cikin lambatu. Mai gini yakan tsaya ya yi tsaki saboda kuɗin yashinsa, sa'an nan ya aika a kawo masa wata tifar. Ba safai yakan tambayi inda wancan yashin ya tafi ba. Amma fa yashin bai ɓace ba, yana can kwance a cikin wani kwalbati, yana jiran ruwa na gaba ya zo ya rasa hanya, ya juya ya shiga ɗakin wani talaka da bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Zaman garin Minna shi ne ya sa wannan magana ta fi nauyi a nan. Gari ne da ya kafu a gindin duwatsu, dutsen Paida da 'yan uwansa sun tokare shi ta gabas da arewa, ƙasa kuwa ta yi gangare zuwa yamma da kudu, inda rafuffuka ke tara ruwa su zuba a rafin Suka da kogin Chanchaga. Ruwan da ake samu a shekara yakan kai wajen milimita 1,200, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba yake sauka. Ruwan da ya faɗi a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake yi da gudu, kuma ba shi da wata hanya sai ta tsakiyar gari.

Da can, sa'ad da Minna take ɗan garin tashar jirgin ƙasa, gonakin Gwari da fadamu da ke kewaye da ita su ne ke shanye wannan ruwa. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a cikin watan Fabrairu na 1976, aka mai da Minna babban birninta, sai ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan kwangila suka yi ta kwararowa. An ɗauko kamfanin Max Lock ya zana wa garin babban tsarin da aka yi nufin ya kai shi shekarar 2000, amma gini ya fi tsari sauri. A cikin watan Satumba na 1986 ruwa ya yi wa garin mummunar ɓarna, ya rushe gidaje, ya raba mutane da muhallinsu. Bayan wannan ne, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, wanda shi ma ɗan garin ne, aka ba kamfanin Julius Berger aikin gina manyan lambatun kankare da suka ratsa garin. Ba ƙaramin aiki ba ne, kuma har gobe mutanen Minna suna alfahari da shi, gama garuruwa kaɗan ne a Arewa suke da irinsa.

Sai dai lambatu, komai girmansa, an auna shi ne da garin da ake da shi a lokacin da aka gina shi. Tun daga wancan zamani gari ya miƙe ta Bosso da Tudun Fulani har Maikunkele, ya bi hanyar Bida ta Kpakungu har ya doshi Gidan Kwano inda Jami'ar Fasaha ta Tarayya take da mazauninta, ya cika Sauka Kahuta da Barkin Sale da Fadikpe da Maitumbi, ya kuma fara hawa jikin duwatsun da a dā ba wanda yake kallonsu da sunan fili.

LISSAFIN FULOTI GUDA

Bari a ɗauki fuloti guda, irin wanda aka saba yankawa, ƙafa 50 a faɗi, ƙafa 100 a tsawo, watau wajen murabba'in mita 450. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan a shekara guda ruwan da ke sauka a kan wannan ɗan fili ya kai lita 540,000, watau cikin duro 2,700 na mai lita 200. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare guda, duro fiye da 110 ne suka sauka a fulotin.

Muddin filin yana da ciyawa da itatuwa, kashi mai yawa na wannan ruwa nutsewa yake yi, abin da ya rage kuma yakan gangara a hankali, gama saiwoyi sun riƙe ƙasa, ganye kuma ya karya ƙarfin ɗigon. Ranar da aka sa katafila ko aka ɗauko leburori suka share filin ƙaf, an tone fandisho, an tara jar ƙasa a gefe, to, ranar ce filin ya fi kowane lokaci rauni. Ɗigon ruwa yana dukan ƙasa tsirara, ya farfasa ta, ya kwashe lallausar ya yi gaba da ita. Tun yana 'yar kwata mai zurfin yatsa, kafin damina ta fita ya zama rami, bayan shekara biyu ko uku ya zama kwazazzabon da ke cin katangar maƙwabci. Kuma a ƙasar nan gini ba ya ƙarewa a shekara guda. Mutum yakan kai bulo linta kuɗi su ƙare, fili ya yi damina huɗu ko biyar a tone.

In an gama ginin kuma sai wata matsalar ta taso. An rufa kwano, an malale tsakar gida da siminti, an kewaye da katanga, an huda rariya guda ta waje. Yanzu ba ɗigon da zai nutse, duro 110 ɗin nan duka ta rariya za su fito, cikin ɗan lokaci kaɗan, su faɗa a kan hanyar da ba ta da lambatu. In gida ɗari suka yi haka a gangare guda, wanda yake can ƙasa shi ne zai karɓi ruwan kowa, da yashin kowa, da ledar kowa.

ABIN DA DOKA TA CE

Ba a rasa doka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, shi ke ba da takardar mallaka. Amma takardar mallaka ba ita ce iznin gini ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Dokar Tsara Birane da Yankuna, mai lamba 88 ta 1992, ta ce kada kowa ya fara gini sai ya miƙa zanensa ga hukumar da ke kula da gine-gine ya karɓi izni. A shekarar 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da iznin gini aikin jihohi ne. A Minna Hukumar Raya Birane ta Jihar Neja ita ke duba zane ta ba da izni, ita ce kuma ke shafa jan fenti a jikin ginin da ya saɓa. Akwai kuma Hukumar Kare Muhalli ta jihar, watau NISEPA.

Ta wajen Gwamnatin Tarayya, dokar auna illar ayyuka ga muhalli, mai lamba 86 ta 1992, ta wajabta a yi bincike kafin a fara manyan ayyuka. A shekarar 2007 aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin dokokin muhalli, a 2011 kuma ta fito da ƙa'idodi biyu da suka shafi wannan magana kai tsaye: ɗaya a kan ayyukan gine-gine, ɗaya a kan zaizayar ƙasa da ambaliya. Ta farkon ta yi maganar yadda za a yi da sharar wurin gini, da ƙura, da ƙara, har da iznin sakin ruwan sama daga wurin aiki.

To, ina gizo yake saƙa? Sai mai karatu ya dubi girman aikin da dokokin nan suka fi sa wa ido. Dokar lamba 86 ta wajabta bincike a kan rukunin gidajen da ya kai hekta 50, watau fuloti fiye da 1,100. Dokar lamba 88 ta nemi cikakken rahoton muhalli daga wanda zai gina filin zama da ya wuce hekta 2, watau fuloti 44 ke nan. Amma Minna ba da hekta 50 ake gina ta ba, ba ma da hekta 2 ba. Da fuloti ɗai-ɗai ake gina ta, malamin makaranta nan, ɗan fansho can, mai shago a gaba, kowa da birkilansa, da yawa kuma daga hannun mai unguwa ko magada suka sayi filin, da 'yar takardar ciniki da shaidu biyu. Kowannensu ya yi ƙanƙantar da ragar doka ba ta kama shi ba, amma in aka haɗa su, sun fi kowane babban ɗan kwangila tone ƙasa.

Ko a Amurka an sha wannan darasi. A 1990 suka fara neman iznin ruwan sama daga wurin ginin da zai tone eka 5 ko fiye. Da suka ga bai wadatar ba, a 1999 suka sauko da shi zuwa eka ɗaya, wadda ba ta wuce fuloti tara irin namu ba. Suka kuma ƙara da cewa ko filin bai kai eka ba, in yana cikin wani babban yanki da aka yanka don gini, to, doka ta hau kansa. Wannan ƙarin shi ne abin dubawa ga Minna, domin mai yanka gona ya mai da ita fuloti sittin shi ne ya kamata a fara tambaya inda ruwan unguwar zai bi, tun bai sayar da ko ɗaya ba.

Abin da ake nema daga mai ƙaramin gini kuwa ba wani abu ne mai tsada ba. Kada ya share filin duka in rabi zai gina. Ya juye yashi da tsakuwa cikin filinsa, ba a bakin lambatu ba, ya kewaye tulin da bulo ko buhunan ƙasa. Ya tona ɗan rami a kusurwar da ta fi gangare, inda ruwa zai tsaya laka ta kwanta kafin ya fita. In da hali ya yi tonon fandisho da rani. In ya gama, ya bar wani sashe na tsakar gida ba siminti, ya dasa itace, ya tara ruwan indararo a tanki, abin da ma zai rage masa sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Duk wannan takarda guda ta isa a zana shi a liƙa a jikin zanen gini, jami'in da zai zo duba fandisho ya duba shi a tafiya guda. Zanen da ya nuna faɗin taga da zurfin shadda, amma bai nuna inda ruwan sama zai fita ba, bai cika zane ba.

Dole ne kuma a faɗi gaskiya, ba masu ƙananan gine-gine kaɗai ne da laifi ba. Tun daga 2023 gwamnatin Gwamna Muhammad Umaru Bago ta buɗe manyan ayyukan hanyoyi a cikin Minna, kuma aikin hanya ya fi kowane aiki tone ƙasa da tara marmara. Gwamnatin da za ta ce wa malamin makaranta ya killace yashinsa, wajibi ne ta fara rubuta wannan sharaɗi a takardar kwangilar da take ba manyan kamfanoni, ta kuma riƙe kuɗin wanda ya bar ƙasa ta cike kwalbati.

Kuɗin gyara dai ana kashe su. Tun 1981 aka kafa Asusun Kula da Muhalli na Tarayya. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 a 2012 don shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, a ƙarshen 2021 kuma ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na jihohin Arewa 19 da Abuja, Jihar Neja tana ciki. Mafi yawan irin waɗannan kuɗi rance ne da za a biya, kuma kwazazzabon da ake cike shi da miliyoyi, da 'yar kwata ya fara.

Jihar Neja ba ta bukatar a ba ta labarin abin da ruwa yake yi in aka tare masa hanya. Suleja ta gani a watan Yuli na 2017. Da asubahin ranar 29 ga watan Mayu na 2025 kuma ruwa ya auka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa, mutane suna barci, ya kashe fiye da mutum 150, wasu da dama har yau ba a ga gawarsu ba. Rahotanni sun nuna cewa ruwan ya taru ne a bayan tudun layin dogo, ya rasa mafita, har ya fasa ya sauko gaba ɗaya.

A Minna akan ga leburori cikin manyan lambatu gab da faɗuwar damina, da shebur da baro, suna yashe su. Abin da suke fitarwa su tara a gefe, leda ce da robobin ruwa daga sama, amma daga ƙasa yashi ne zalla, mai kyau, wankakke. Wani lokaci kafin motar kwashe shara ta iso, masu buga bulo sun riga sun aiko an ɗebe shi.