Kamfas: Jagoran Mai Nutso A Ƙarƙashin Ruwa

A Limancin Kona, unguwar malamai da zaurukan karatu a cikin birnin Zariya, ba wuya ka iske sallaya mai ɗan kamfas manne da ita, tsarabar wani alhaji daga Makka. Aikinsa nuna alƙibla. Bahaushe kan ce zai fuskanci gabas in zai yi salla, amma lissafi ya nuna cewa daga Zariya Ka'aba tana wajen digiri 67 ne daga arewa, wato ta karkata daga gabas sak zuwa arewa da digiri 23. Ka riƙe wannan lamba, ya kai mai karatu, za mu dawo gare ta. Irin wannan 'yar na'ura ce ke komo da mai nutso daga ƙarƙashin teku da ransa.

Me Ya Sa Ake Ɓata A Ruwa?

A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum damar nutso da tukunyar iska goye a bayansa. Sun magance matsalar numfashi, saura ta gane hanya. Baƙon da ya ɓata a lungunan birni yana iya tambaya, ko ya dubi rana, ko ya bi kiran salla. Mai nutso ba shi da ko ɗaya. In ruwa ya gurɓace, kamar yadda kogin Kubanni ko na Galma ke yi da damina, da ƙyar zai ga tafin hannunsa. Kunne ma yaudararsa yake yi, domin sauti na gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, alhali a iska mita 340 ne, sai ya isa kunnuwa biyu kusan lokaci guda, mutum ya kasa gane inda ya fito. Saƙon tauraron ɗan'adam da wayar salula ke nuna hanya da shi ba ya ratsa ruwa.

Ga kuma iskar numfashi a ƙididdige take. A zurfin mita 10 matsin da ke kan mutum ya ninka na sarari sau biyu, a mita 30 sau huɗu. Ke nan iskar da za ta ishe shi awa guda a sarari, cikin minti 15 za ta ƙare a can. Wanda ya ɓata, kowane minti na neman hanya daga cikin numfashinsa yake fita.

Sirrin Allurar

Tun a shekarar 1088 wani masani ɗan ƙasar Sin, Shen Kuo, ya yi bayanin allura mai maganaɗisu da ke nuna kudu da arewa. A 1600 William Gilbert na Ingila ya bayyana dalili: duniya kanta ƙaton maganaɗisu ce. A yau an san cewa motsin narkakken ƙarfe da ke can cikin cikinta ne ke haifar da wannan ƙarfi, kuma ruwa ba ya tare shi. Arewar da allura ke nunawa takan ɗan saɓa da arewa ta taswira, amma a Zariya saɓanin bai kai digiri 2 ba a yanzu.

Yadda Ake Zaɓe

Ƙarfin maganaɗisun duniya ba gefe kaɗai yake jan allura ba, har da ƙasa. A Turai bakinta na arewa ne ke sunkuyawa, a kudancin Afirka kuwa na kudu. Layin da allura ke zama daidai, babu sunkuyo, ya ratsa arewacin Nijeriya, ba nisa da Zariya. Saboda haka maƙera kan ƙara wa allura ɗan nauyi a gefe guda gwargwadon yankin da za a yi aiki da ita, kuma wadda aka daidaita domin wani yanki mai nisa tana iya gogar gilashi ta maƙale. Sai a tambayi yankin da aka yi kamfas dominsa kafin a saya.

Bayan wannan, kamfas ɗin nutso yakan zo cike da ruwa ko mai, don faifansa ya daina rawa kuma matsi kada ya fasa shi. A nemi mai manyan lambobi masu haske cikin duhu, mai zobe da ake juyawa ko da safar hannu, mai 'yar taga a gefe, da layi miƙaƙƙe a fuskarsa. A karkata shi a gani: nagari yakan jure karkata mai yawa, wani har digiri 30, bai tsaya ba.

Yadda Ake Aiki Da Shi

Mai nutso zai riƙe kamfas a kwance, ya sa miƙaƙƙen layin ya yi daidai da tsakiyar jikinsa da inda ya nufa. Sai ya juya zobe har alamarsa ta hau kan arewar allura, ya yi ta iyo ba tare da sun rabu ba. Nisa kuwa da ƙidayar bugun ƙafa ake auna shi. In zai komo, sai ya ƙara ko ya rage digiri 180: wanda ya tafi a kan 67 zai dawo a kan 247.

Abu biyu ke ɓata lissafi. Na farko ƙarfe: wuƙa, ko tukunyar iska ta ƙarfe, ko jirgin da ya nutse, duk suna jan allura. Na biyu gudun ruwa, wanda kan ture mutum gefe alhali fuskarsa na daidai. Sai kuma babban kuskuren sabon shiga, wato gaskata zuciyarsa in ta saɓa wa allura.

Gwaji A Filin Makaranta

Masu koyon nutso a tudu suke farawa, don haka malami na iya gwada wannan da ɗalibansa. A kafa tsinke a fili, nesa da mota da turken lantarki. Ɗalibi ya lulluɓe kansa da mayafi yadda kamfas kaɗai zai gani, abokinsa na biye da shi. Ya yi taku 20 a kan digiri 67, sannan 20 a kan 157, 20 a kan 247, 20 a kan 337. In ya riƙe kamfas daidai, kusa da tsinken zai tsaya. A auna ratar da ta rage, a sake gwadawa da ƙwaɗon ƙofa kusa da kamfas, a kwatanta.

Gargaɗi ɗaya: iyakar gwajin nan fili. Kada wani ya kai shi kududdufi ko madatsar ruwa, domin nutso sana'a ce da ake koya a hannun ƙwararru, kuma ba a yin ta sai da abokin tafiya.