Daga Fadar Paparoma Zuwa Ƙauyukan Kankara: Yadda Ikon Koyarwa Yake a Ɗarikar Katolika

A ɗarikar Katolika, ikon fassara Littafi Mai Tsarki da yanke hukunci kan aƙida yana hannun Paparoma da bishop-bishop da ke tare da shi. Mabiyan ɗarikar sun yi imani cewa bishop-bishop magadan manzannin Yesu Almasihu ne, Paparoma kuwa magajin Bitrus. Tushen koyarwar biyu ne: Littafi Mai Tsarki da kuma abin da Ikilisiya ta gada hannu da hannu tun zamanin manzanni. Shugabannin suna ɗaukar kansu masu tsaron wannan gado, ba su da iznin ƙirƙiro sabon wahayi.

An rarraba duniya yanki-yanki, kowane yanki ana kiransa dayosis, kuma bishop ɗaya ke riƙe da shi. Kankara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Katsina, sun daɗe ƙarƙashin dayosis ɗin Sakkwato, wanda limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka suka aza harsashinsa a shekarun 1950, kuma Matthew Hassan Kukah yake jagoranta tun 2011. A watan Oktoban 2023 Paparoma Francis ya yanke sabon dayosis na Katsina daga jikin Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko. Shi ne Bahaushe na farko da ya hau muƙamin bishop, kuma babban cocinsa shi ne na Martin de Porres da ke birnin Katsina.

Jama'a ba sa zaɓen bishop da ƙuri'a. Jakadan Paparoma da ke Abuja ne yake bincike a asirce, ya tuntuɓi bishop-bishop da limamai da wasu dattawa, sannan ya aika sunaye uku Rum, Paparoma ya ɗauki ɗaya. Wanda aka naɗa, idan ya cika shekara 75, dole ya miƙa takardar murabus. Babban bishop na Kaduna, Matthew Ndagoso, shi ne na gaba a lardin Ikilisiya da Katsina ke ciki, amma ba ya ba bishop na Katsina umarni a harkokin yau da kullum. Kowane bishop Paparoma yake ba bahasi kai tsaye, kuma doka ta tanadi ya je Rum da rahoton dayosis ɗinsa duk shekara biyar. Shi kansa Paparoma, kadinal-kadinal da ba su kai shekara 80 ba ne suke zaɓensa, kamar yadda suka zaɓi Leo na 14 a watan Mayun 2025.

Abin da aka fi yi wa gurguwar fahimta shi ne batun cewa Paparoma ba ya kuskure. Babban taron Vatican na farko ya ayyana wannan a 1870, amma da sharuɗɗa masu tsauri: sai ya yi magana a matsayin makiyayin dukan Ikilisiya, kan aƙida ko ɗabi'a, da niyyar rufe maganar har abada. Huɗubarsa ta Lahadi da hirarsa da 'yan jarida ba sa ciki, kuma ba a ce shi ma'asumi ne daga zunubi ba. Tun daga 1870, sau ɗaya tak aka yi amfani da wannan iko a fili, a 1950, lokacin da Pius na 12 ya ayyana cewa an ɗauke Maryamu zuwa sama jiki da rai. Mafi yawan koyarwa ta hanyar wasiƙu da manyan taruka take zuwa. Taron Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya jaddada cewa bishop-bishop tare da Paparoma suke ɗauke da nauyin Ikilisiya, shi ne kuma ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a, har Hausa ta shiga inda da Latin kaɗai ake ji.

Ƙarƙashin bishop akwai limamai, waɗanda ake kira fada. Fada ba ya wa'azi da ikon kansa. Bishop ne ke ba shi izni, shi ke tura shi, shi ke sauya masa wuri. A kudancin Katsina, inda Kiristoci da yawa Hausawa ne 'yan asalin Maguzawa da ke zaune a ƙananan ƙauyuka, fada ɗaya kan kula da majami'u masu yawa, wasu sai da babur ake isa gare su da damina, ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta takura zirga-zirga a Faskari da Sabuwa da Kankara. Saboda haka katikis ne ainihin malamin ƙauye. Shi ke koyar da masu shirin baftisma, ya jagoranci addu'ar Lahadi idan fada bai zo ba, ya tsaya a kan jana'iza. Yawanci manomi ne mai iyali, kuma Malumfashi ta daɗe da makarantar horar da irinsa. Amma ba ya tsarkake gurasa da ruwan inabi, ba ya sauraron furta zunubi, kuma abin da yake koyarwa dole ya dace da littafin katikizim wanda Rum ta fitar a 1992.